Goran Baba Ya Dawo Gida

Zuwa ga ƙanena Sale,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ya aiki, ya Ladi da yara? Mu nan lafiya, sai dai gwiwa.

Na samo goran kamun kifin Baba, wanda ɗanka Audu ya sayar ba da sanina ba. Ka ce in haƙura in riƙa hawan jarka a ruwa maimakon gora kamar masuntan yanzu. To, ban haƙura ba. Damina biyu ina cigiya, daga Kibiya har Rurum, sai a Saji na tarar da shi a gidan wata tsohuwa. Da ɗinkin da Baba ya yi masa a wuya na gane shi. Sale, ta fafe shi, kaza na kwanci a ciki! Na ce ta sayar mini, ta ce, "Malam, ni ba na tada kaza a kan ƙwai." Sai na saye har da kazar, na ɗauko a ka.

Ba zai ƙara hawa ruwa ba, na sani. Amma yana ɗakina kusa da homar Baba, ragarsa ta kamun kifi, ni da kazar muna gadinsa.

Ka sa ni a addu'a, na gaji. Ka gai da kowa, ban da Audu.

Yayanka,
Ɗanladi