Takardar da Baba Ya Makara Bai Rubuta Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Mama na gaishe ki.

Ranar Talata da safe na shiga ɗakin Baba da ruwan wanka, na tarar ya riga ya sa kwat ɗinsa ta ofis, har da agogo. Ya kira ni da sunana, Yaya, karo na farko cikin wata biyar. Ya sa na sauko masa da jakar fata, ya zauna, ya ja layi a gefen takarda da rula kamar yadda ya saba. Ya rubuta cewa gidan nan nasa ne, ya sa kwanan wata daidai, ya sa hannu.

Akwai abin da aka ɓoye miki. Kin san da ɗaukar fayil Baba ya fara a ofishin haraji, yana karatu a kan benci idan an tafi cin abinci, har ya ci jarrabawa. A lokacin ya sayi gidan. Mai gidan yana cikin 'yan kasuwar da Baba ke yanka wa haraji, to gudun kada a ce cin hanci ne, sai Baba ya sa sunan Baffa a takarda. Daga baya ya buɗe ofishinsa, shekara ashirin yana rubuta wa mutane wasiyya don kada 'ya'yansu su yi shari'a. Duk wanda ya shiga sai ya ji cewa ko da ɗan uwanka ne a rubuta, a sa shaidu. Shi kuwa kunyar yayansa ta hana shi miƙa masa biro. Yanzu Baffa ya rasu, 'ya'yansa sun kawo mai saye sau biyu. Na biyun da taku ya auna falo, yana taka tabarmar Mama.

Na kai takardar wa matar da Baba ya koya wa aiki, wadda ke riƙe da ofishin yanzu. Ta karanta sau biyu, ta ce babu kuskure ko ɗaya. Sannan ta ciro takardar likita, wadda ni na karɓo bara don a bar ni in riƙa ɗauko masa fansho, mai cewa Baba bai san abin da yake yi ba. Tun daga ranar da likita ya rubuta ta, sa hannun Baba ya daina aiki, sai dai in an sami mai shaida cewa yana cikin hayyacinsa. Ni kuma magaji ne, shaidata ba ta shiga. Ta ce Baba ne ya koya mata haka. Ban yi karatu mai zurfi ba, Yaya, ban san abin da na karɓo ba ke nan.

Da na dawo na tarar Baba ya cire kwat ɗin, yana tambayar Mama yaushe za mu tafi gida. 'Ya'yan Baffa sun ba mu zuwa ƙarshen wata. Na fara ɗaure littattafansa. Kada ki taso da ƙafar nan.

Ki gaishe da maigidan, ki shafa min kan yara.

Ƙaninki,
Auta

Af, matar ta tambaya ko wani bare ya gani. Akwai. Mai aski ya zo yi wa Baba aski, yana tsaye bakin ƙofa da tawul a kafaɗa, tun daga jan layi har sa hannu. Na je shagonsa, ya ce ya ga komai, amma bai ɗago ya dube ni ba. Shagon a ginin babban ɗan Baffa yake.