Rasuwar Malam Kolo

Haɗeja, Talata

Yayata Ummussalma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Yaya Shu'ibu da su Fatihu. Yaya zafin Miga? Haƙorin Adila ya fito, ko har yanzu da dasashi take cizon mutane?

Na san za ki yi dariya, wai ni Radiyya da ko tuwo nake tuƙawa waya na hannun hagu, yau ni ce da biro da takarda. Wayar da nake kiran ki da ita ba tawa ba ce, Yaya, ta ofis ce. Duk abin da na rubuta ko na faɗa a cikinta, Oga Khalid yana gani a kwamfutarsa. Shi ya sa in kin tambaye ni aiki sai in ce alhamdulillahi, in kawo zancen atamfa. Bushira mai kai bandar kifi Miga za ta kawo miki wannan.

Na ce muku aikin kwamfuta na samu. To akwai kwamfutar kam. Amma ainihin aikin, wayoyi ne jere a kan katako, kowace da suna manne a bayanta, mu kuma mu ne mutanen. Da safe ni wata Hajiya ce mai sayar da turare, da rana saurayi ne ni ɗan Gumel. Kamfani zai biya Oga, mu kuma mu shiga gurup-gurup muna yabon kayansa muna amsa wa juna, har mutum ya zaci duk gari bakinsu ɗaya. Akwai kuma waɗanda inji ke rubuta musu, su dai "gaskiya ne" da "Allah ya saka" suke ta yi kamar kwaɗin damina. Lokacin da sabulu ne da taki, wallahi har daɗi nake ji. Ga data kyauta, ga fanka.

Sai aikin Zinariyar Fadama ya zo, masu shinkafar nan. So suke su yi jinga a mashigin da ke ba Tafkin Kuka ruwa, su juya shi gonarsu. E, tafkinmu na gefen Baturiya, wanda Baba yake su a cikinsa tun ba a haife mu ba. Sai masunta sun yarda sannan Dagaci zai sa hannu, su kuwa a gurup ɗinsu na Wasaf sun ce atafau. Oga ya tura 'yan inji, aka gane su aka kore su. Da ya ji ni 'yar can ce, ya ce in yi masa tsoho wanda ya san ruwa.

Na yi masa Malam Kolo. Tsohon masunci, asalinsa bakin Tafkin Chadi, yanzu yana Haɗeja, ciwon maƙogwaro ya hana shi magana sai dai ɗansa Isa ya rubuta masa. Kwamfuta ta yi masa fuska har da wushirya. Duk abin da Malam Kolo ya sani game da tarwaɗa da yadda ciyawar kacala ke shaƙe ruwa, a bakin Baba na ji muna yara. Ya daɗe bai ce komai kan jinga ba, hira kawai da barkwanci, sai da aka saba da shi sannan ya fara cewa a saurari kamfani.

Yaya, Baba yana gurup ɗin. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, ya amsa da murya. Yanzu har ta gefe yake bin Malam Kolo da saƙo, su biyu kaɗai, yana ce masa abokina. Ina zaune da abin sauraro a kunne, Baba yana ba ni labarin gwiwarsa, da yadda har gobe yake zuba shayi kofi biyu ya manta Inna ba ta nan. Jiya cewa ya yi yana da 'ya a Haɗeja mai aikin kwamfuta, sunan mahaifiyarsa gare ta, kaifin kai kamar me. Na shiga banɗaki na yi kukana, na fito na rubuta masa Allah ya raya ta.

Za ki ce in bari. Duk layukan wayoyin da katina na ɗan ƙasa aka yi musu rajista, har da yatsana. Ranar da na ɗauki aiki aka ce ƙa'ida ce, ni kuma wayata ta faɗa ruwa, idona na kan sabuwa. Oga yakan ce, yana murmushi, in abu ya fashe 'yan sanda mai layi suke nema, shi sunansa ba ya ko'ina.

Kada ki kira ni a kan wannan. Ki ba Bushira amsa.

Ƙanwarki,
Radiyya

Haɗeja, Laraba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Na ga takardarki, na kuma ji faɗan, duk na cancanta. Na gode da yajin.

Abu ya ƙara cakuɗewa. Dagaci ya sa ranar taro, sai Baba ya ce a gurup shi ba zai ba da ruwan kakanninsa a kan maganar wanda bai taɓa riƙe hannunsa ba, don haka abokinsa ya zo taron, shi zai turo masa mota, masauki kuma ɗakinsa. Kowa ya ce haka ne. Na amsa da sunan Malam Kolo na ce jiki ba daɗi, suka ce to su za su zo dubiya.

Oga yana kaɗa mukullin mota ya ce a kashe Malam Kolo kawai. Na ce Oga, a nan in mutum ya mutu ai sannan ake zuwa gidansa. Ya ce in daina ƙauyanci, wa zai bar sana'arsa ya hau mota saboda mutumin cikin waya? Shi a Abuja ya tashi, ta'aziyya a wurinsa saƙo ne da hoton hannuwa biyu.

Ya tsaya a kaina na rubuta saƙon ƙarshe, wai Malam Kolo yana asibiti, yana roƙon 'yan'uwansa masunta su karɓi jinga, kamfani ya yi alkawarin barin ƙofar ruwa. Ni ban taɓa ganin ƙofa a zanen da ke teburin Oga ba. Washegari na ɗauki wayar Isa na sanar da rasuwa.

Yaya, gurup ya koma zaman makoki. Wani ya ce ya sauke masa Alƙur'ani. Wata ta ce ta yi mafarkinsa cikin fararen kaya. Baba ya fara magana muryarsa ta karye, sai numfashinsa kawai ake ji da kukan awaki a bayansa. Saƙon nan kuwa yanzu ba saƙo suke ce masa ba, wasiyya. Waɗanda suka fi kowa ƙin jinga su ne ke cewa ba a ƙetare maganar mamaci. Oga har lemo ya saya mana.

Ɗazu Baba ya kira ni. Masunta sun wakilta shi ya zo sadakar uku, gobe zai shigo. Ya ce, Uwata, ke da kika san kan waya, ki nemo min gidan.

Ki yi min addu'a.

Radiyya

Haɗeja, Asabar

Yayata,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Ki gaida Yaya Shu'ibu.

Baba ya zo da farar rigarsa ta Juma'a, da buhun gero na gudummawar masunta, da bandar tarwaɗa da ya zaɓa da hannunsa don iyalan mamaci. Oga ya sa na kashe wayar Isa, ya ce in ɗan zaga da tsohon, in ya gaji zai koma.

Baba bai gaji ba. Mun ɗauki Keke Napep, duk inda ya hango rumfa da tabarmi sai ya ce a tsaya. Gida biyu muka shiga na mutanen da ba mu sani ba, ya zauna ya yi musu addu'a tsakani da Allah, sannan ya tambaya ko sun san Malam Kolo mai ciwon maƙogwaro. A kasuwar kifi ya bi rumfa rumfa yana nuna hoton. Wani ya ce kamar ya san fuskar. Da mai Keke ya gaji ya sauke mu, Baba ya saɓa geron a kafaɗa yana jan ƙafar nan. Na ce ya kawo in ɗauka, ya ce na abokinsa ne, shi zai kai.

Bayan la'asar na ce masa wataƙila iyalan sun koma Borno. Ya ce to ai kabari ba ya komawa Borno, mu je maƙabarta. Na leƙa waya, Oga ya rubuto wai in nuna masa kowane sabon kabari, duk ƙasa ce.

A bakin ƙofar na tsaya, tunda mata ba ma shiga. Baba ya ajiye buhu, ya cire takalmi, ya juyo yana jiran in ce masa ta ina. Yaya, na ɗaga hannu fa. Na ɗaga zan nuna. Sai na ga yana gyara hula kamar mai shiga gaban babban mutum. Na kashe wayar, na durƙusa, na gaya masa komai.

Na zaci zai mare ni, da ya fi min sauƙi. Abin da ya fara tambaya, wai zancen shayin Innarku, ke kika ji? Na ce ni ce. Ya ce da wa? Na ce da Oga. Ya rufe ido. Can ya ce in aka gane, wa za a kama? Na gaya masa zancen layuka. Ya sa takalminsa, ya ba masu gadin maƙabarta geron da kifin ya ce sadaka ce, muka tafi tasha. Har mota ta cika bai dube ni ba. Da za ta tashi ya ce in koma masauki kafin magariba.

Taron jibi ne. Ban san me zai ce ba.

Taki,
Radiyya

Haɗeja, Laraba

Yaya Ummussalma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni dai ga ni nan.

Wataƙila labari ya riga ni zuwa Miga. An yi taro, na gani a bidiyon da aka sa a gurup. Aka karanta wasiyya, mutane na share hawaye. Da aka zo kan Baba ya miƙe ya ce bai yarda ba. Aka ce dalili? Ya ce ba shi da dalilin da zai iya faɗa. Kawu Safiyanu, wanda suke jan tarun kamun kifi tare tun suna samari, ya kira Baba da sunansa ya ce Bunu, kai ka fi kowa kuka, kai ka kai gero, ko kwana bakwai mutumin bai yi a ƙasa ba ka juya masa baya? Baba ya sunkuyar da kai. Kalma ɗaya zai faɗa taron ya watse, amma kalmar sunana ce, sai ya haɗiye ta ya zauna. Mafi yawa suka yarda. Dagaci ya ce bayan sallar Juma'a zai sa hannu.

Oga bai san na faɗa wa Baba ba, ya dai ce tsohon nan zai ɓata aiki, in ɗauki wayar Isa in yi masa tatas. Na ce ba zan iya ba, ubana ne. Ya yi dariya ya ce in huta abina. Ashe duk rubutun da na yi watannin nan inji yana koya. Ina zaune hannuna a cinya, na ga Isa yana rubutu. Irin maganata sak, Yaya, har yadda nake jan wallahi. Wai Malam Bunu ya ci amanar mahaifinsa, wai an gan shi yana rabar da geron marayu a titi. 'Yan inji suka taso da "gaskiya ne", mutanen gaske suka bi bayansu. Jiya an ce ba wanda ya zauna kusa da shi a majalisar bakin masallaci. Kuma bai fita daga gurup ɗin ba, ina ganin alamar ya karanta.

Na kira shi ta wayar Bushira. Ya ce kada in kuskura in buɗe baki, shi ya tsufa, zagi ba ya kashe mutum, amma 'ya mace in ta shiga hannun 'yan sanda ko ta fito ba ta fito ba. Na ce tafkin fa? Ya ce Allah ne mai ruwa. Muryarsa ba ta yi kama da ta mai yarda da abin da yake faɗa ba.

Ga abin da nake roƙo. Rubutu ba zai yi ba, yanzu ba wanda ya san wa ke rubutu. Bidiyo za ki ɗauke ni, fuskata za su gani. Duk sun san ni, a gabansu na yi rarrafe. Zan faɗi sunana da na ubana, in ce ni ce Malam Kolo, ni ce Isa, kuma babu ƙofar ruwa. Da wayar ofis ba zai yiwu ba, kafin ya fita Oga ya goge, ta Bushira kuma ba ta ɗaukar bidiyo. Ki zo gobe Alhamis da taki, ki cika ta da caji. Yaya Shu'ibu yana gurup ɗin ta wajen manoma, shi zai tura. Ki same ni a rumfar Bushira da azahar, lokacin ne ake barin mu fita cin abinci.

Tsoro nake ji sosai. Ban san inda zan kwana ranar Juma'a ba, ki taho min da hijabi da zani ko da za a riƙe ni. Kada ki gaya wa Baba, zai hana. Kuma kin san halina, in kin zo zan fara kawo dalilai, in ce a bari sai an jima, in ce fuskata ta kumbura. Kada ki saurare ni. Ki ɗaga wayar kawai ki danna.

Ki shafa min kan Adila.

Ƙanwarki,
Radiyya