Bindigar Iskar Malam Hambali

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

An haɗa ni da tsohon nan. Ni tuƙi na zo yi Doha, amma Abu Nasir, kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, ya ce in na sauke yara a makaranta in wuce gonarsa ta bayan Al Rayyan in taya Malam Hambali aiki. Maƙerin Panteka ta Kaduna ne, ya daɗe a ƙasar nan, duk wani ƙarfe na gidan shi ke gyarawa. Yanzu bindigar iska yake haɗa wa maigida, wai ta harbin takarda daga nesa. Sha'awar manya ke nan. Ga tsoho da mita: "Sunusi, ba nan ake ajiye sifana ba." Allah ya ba ni haƙuri.

Talata, 5 ga Nuwamba

Ya baje ta gunduwa-gunduwa a kan benci: bututu, tulun iska, kunama, ƙota. Ramin bututun ko ɗan ƙaramin yatsana ba zai shiga ba, amma ya ce in ta samu iska yadda ya kamata sai ta kai harsashi ƙarshen gona. Harsashin ma daban ne, silog suke ce masa, dalma ce zalla mai ɗan tsawo da nauyi. Wai kowane bututu da irin wanda yake so, sai an yi ta gwaji.

Ba ya kallon abin da yake ɗaurawa. Da yatsa yake bi, fuskarsa na sama. Ƙwarewa dai.

Da rana ya raba kubus ɗinsa, burodin nan na Larabawa, biyu ya turo min rabi da kofin shayin karak.

Asabar, 9 ga Nuwamba

An fara gwaji. Ya ɗaure bindigar tam a jikin benci don kada hannu ya motsa ta, ya harba kaɗan, ya ce gwiwarsa na ciwo, in je in dubo masa takardar. Na je. Wayyo. Ramuka sun watse, wannan gabas wancan yamma, kamar an watsa wa kaji gero.

Ina dawowa na tarar ya miƙe tsaye yana jirana, yana goge hannu da tsumma, fuskar nan a sake. Mutum sa'an mahaifina. Ta yaya zan buɗe baki in ce masa aikinsa bai yi ba? Na ce, "Ma sha Allah, Malam, sun kusa haɗuwa." Ya ce to, hanyar ke nan. Ya ƙara ɗaure sifirin ɗin da ke ƙara mata ƙarfi.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Kullum haka. Ya harba, in je, in dawo in ce da sauƙi. Yau ma ya fi na jiya muni. Na ce ai shi ma zai leƙa ta madubin hangen da ke kan bindigar ya gani da kansa, me nawa a ciki.

Ya ce wa maigida ya zo gobe bayan Juma'a, ta kammala.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Abu Nasir ya zo da abokansa biyu. Ya harba, aka kawo takarda. Bai yi faɗa ba, wallahi da ya yi faɗan da ya fi min. Miƙa wa Malam ya yi kawai ya ce, "Shuf, ya Hambali," wato ya duba. Malam ya karɓa ya kai ta dab da hancinsa, sannan ya sauke, ya shiga lalube da yatsa yana neman ramukan. Yatsan ya yi tafiya mai nisa daga wannan rami zuwa wancan. Ina tsaye ina kallo.

Ba gwiwa ba ce. Ba ya gani.

Maigida ya ce ba komai, in ya gaji a kai wa wani a cikin gari ya ƙarasa. Malam ya roƙi a ƙara masa lokaci.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Bai yi min magana ba yau. Kubus ɗin dai ya turo.

Talata, 19 ga Nuwamba

Na kasa jurewa, na durƙusa na ce ya yafe min, nauyinsa na ji. Sai ya ce, "Ni ido na aika, ɗan nan. Ladabi ina da shi a gida." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ashe yanar ido ce ta rufe masa gani, tun bara take ƙaruwa. Ba wanda ya sani, ko iyalinsa na Kaduna. Tsoronsa ɗaya, maigida ya gane ya ce khalas, aiki ya ƙare, ya koma gida a riƙa ja masa sanda. "Hannuna bai mutu ba," in ji shi. "Ina so in gama wannan da sunana."

Na ce daga yau abin da na gani shi zan faɗa. Ya ce za mu gani, ɗan daɗin baki.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Faɗin gaskiya ga babba akwai wuya, Allah. Na farko da ƙyar na ce, "Malam, bai yi ba sam." Shi kuwa dariya ya yi, ya ce yau ka zama mutum.

Ashe duk kwanakin nan ƙarfi ya yi mata yawa, ni na sa yana ta ƙarawa. Yanzu sassautawa yake kaɗan-kaɗan, ni ina karanta masa abin da na'urar auna gudu ta nuna. Mun sauya silog zuwa mai ɗan nauyi. In ta tashi sai ya karkata kunne, wai tana ɓarnar iska ko ba ta yi. Ni duk "tas" ɗaya nake ji.

Matata Haulat ta kira daga gida, ta ce kwana biyu ba ni da zance sai na wannan tsoho, ko kishi za ta fara? Na ce ta bar ni, aiki ne kawai.

Litinin, 2 ga Disamba

Ramukan sun haɗu! Babban yatsana ya rufe su duka. Da gudu na dawo ina ihu kamar yaro. Ya ce, "Kawo, ban yarda da kai ba." Ya shafa, ya sake shafawa. Sai ya juya min baya yana gyaran hula, ya daɗe yana gyaranta.

Juma'a, 6 ga Disamba

Maigida ya harba, ya yi ta murna, har ya sumbaci Malam a ka. A nan ne Malam ya ce da shi, da Larabcinsa na kasuwa, yana da magana. Na so in ja rigarsa. Ya faɗa masa komai a tsaye, bai sunkuyar da kai ba.

Abu Nasir ya dube shi, ni kuwa na fara salati a zuci. Sai ya ce, "Shekara guda kana ɓoye min? Haram alaik, ba ka kyauta ba. Yalla, Sunusi, gobe asibiti."

A mota na tambaye shi me ya sa ya faɗa, alhali an riga an wuce wurin. Ya ce ba zai sa ni faɗin gaskiya shi ya zauna a kan ƙarya ba.

Laraba, 18 ga Disamba

An yi aikin idon dama. Likita ya ce na hagun ya daɗe da yawa, ba ya alkawari, amma wannan in sha Allah zai gani. Ko zai ci gaba da aiki, sai an kwance bandejin.

Suka fito da shi a keke, ido a naɗe, yana mitar wai an ɓatar masa da hula. Tana hannuna. Nas ɗin ta ce sai ɗan'uwa za ta yi wa bayanin maganin ɗigawa, ni wane ne nasa? Direban gidan ne ya kamata in ce. Na ji bakina ya ce ɗansa ne.

Malam ya ji sarai, kunnen nan nasa ba abin da ke wuce shi. Na jira ya gyara.

Ya ce, "To ka saurara da kyau, kada ka zo kana ce min da sauƙi."