Baba, Kofinka Ya Bar Kicin

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Garba mai tsaron gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, na ɗauki biro ne don in sanar da kai cewa ranar Asabar da ta wuce an rataye hotonka a zauren gwanayen wasanni da aka buɗe a Bukuru. An sha fama kafin a kai ga haka, kuma wani ɓangare na faman kai ka jawo mana.

Ka san tun bayan rikicin shekarar dubu biyu da ɗaya kowa ya koma unguwar da ya fi samun barci. Abokanka da kuka buga wa kamfanin kuza ƙwallo tare suka daina haɗuwa, sai dai wajen jana'iza. A wajen ta'aziyyarka ne Baba Pam, wanda ya shekara goma yana tsaron baya a gabanka, ya dubi 'yan tsofaffin da suka rage ya ce in aka ci gaba a haka, jikokinsu za su ɗauka a talabijin aka ƙirƙiro ƙwallo.

Sai suka kafa kwamiti. Shekara uku suna taro, rabin taron musu ne kan wanda ya fi wani gudu yana saurayi. Daga ƙarshe suka samu wani tsohon sito na 'yan kuza, aka yi masa fenti, aka shiga tara hotunan 'yan ƙwallo da 'yan tsere da 'yan dambe daga ko'ina a Filato. Sharaɗinsu biyu: a kawo shaidu biyu da suka yi wasa da mutum, a kuma kawo wani abu nasa.

Na tsaya gaban kwamitin da ƙarfin gwiwa, na maimaita maganar da ka rene mu da ita: "Ni Garba, ƙwallo ba ta taɓa wuce ni ba sai da izinina."

Alhaji Tanko, shaidana na farko, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Hajara 'yata, to ranar da muka je wasa Kaduna, sau bakwai ya ba da izini."

Baba, na rasa inda zan sa fuskata. Ina kallo shugaban kwamiti ya fara rufe fayil ɗinka.

Sai Baba Pam ya dogara sandarsa ya miƙe. Tun daga Kabong ya hawo acaɓa, da ciwon gwiwarsa. Ya ce, "Bakwai ne, ba ƙarya. Amma biyu ni na zura su a ragarmu da ƙafata. Da muka dawo, mutanen gari na jiranmu a tasha da ruɓaɓɓen tumatir. Garba ya riga kowa sauka daga mota, ya ce duk laifinsa ne. Shi ya sha tumatirin. Har ya bar duniya bai taɓa ambaton sunana ba."

Alhaji Tanko ya mayar da hularsa, ya ce haka aka yi. Shugaba ya sake buɗe fayil.

Saura abin da za a ajiye, wato kofin nan naka mai murfi da ka ciwo a gasa. Kai ma ka san Mama ta shekara talatin tana zuba daddawa a ciki. Da na roƙe ta, cewa ta yi, "Mai shi ma bai hana ni ba, sai kwamiti?" Kwana uku ina lallashi. Na wanke shi da sabulu, na dirje da toka, na matsa lemon tsami. Ranar buɗe zauren, babban baƙo daga ma'aikatar wasanni ya ɗaga murfin don a yi masa hoto, sai ga mutanen baya suna tambayar ta ina ake raba abinci.

'Yan makaranta sun zo da yawa. Na ji suna karanta sunayen da ke ƙarƙashin hoton ƙungiyarku: Garba, Pam, Okoro, Tanko, Dung, kowa da hannunsa a kafaɗar ɗan'uwansa. Wata yarinya ta tambayi malaminsu ko duk unguwa ɗaya kuke. Ya ce mata, "A wancan lokacin, e."

Mama ta zo, da mayafinta na zuwa biki. Ta daɗe tana duban hotonka kafin ta ce, "Da na san irin gajeren wandon da yake sawa ke nan, da na yi tunani kafin in amsa." Duk muka yi dariya. Amma da muka ce mu tafi, ta ce mu yi gaba. Tana nan tsaye a gabanka har mai gadi ya zo rufe ƙofa.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yalwata makwancinka, Ya rufa maka asiri ranar tsayuwa kamar yadda ka rufa wa abokinka. Ya ba garinmu zaman lafiya mai ɗorewa.

'Yarka mai kewarka,
Hajara, daga Daɗin Kowa