Mangwaron da Na Dasa Yana Tsakar Gidan Alhaji Mudi

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Yankan Filaye na sabuwar unguwa, hanyar Djougou.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Idi, ina sana'ar kilishi a Zongo, nan Parakou. Sau huɗu ina zuwa ofishinka ana ce mini ka fita, shi ya sa na rubuta a inda kowa zai karanta.

Bari in fara da laifina kafin wani ya faɗa mini. Ƙyashi nake yi, kuma abokina na ƙuruciya nake yi wa. Na san hassada ga mai rabo taki ce. Amma ka ji yadda aka yi.

Shekara goma sha biyu ke nan da ni da abokin nawa, Alhaji Mudi dillalin shanu, muka sayi gona guda a bayan gari. Da igiyar ɗaure shanu muka raba ta a gaban shaidu, aka raba goro, aka shafa fatiha. Gabas nawa, yamma nasa. Na dasa mangwaro a tsakiyar nawa, rani uku ina kai masa ruwa a jarka bisa mashin. Da kuka zo da maganar yankan filaye, sai na damƙa wa Mudi takardata ya riƙa zuwa taro a madadina, don ya girme ni kuma yana jin Faransanci. A wajenmu ba a bin babba da tambaya, sai ya zama kamar ba ka yarda da shi ba. Ko sau ɗaya ban ce masa me aka tattauna ba. Wannan wautar tawa ce, na ɗauka. Saura kuma naku ne.

Na ɗaya. An ce kun ba da wa'adin kai ƙorafi. Sanarwar tana manne a bangon cikin ofis, da Faransanci, a makonni biyun da ke gaban babbar salla. Ranka ya daɗe, wane mai nama ne yake gari a lokacin? Duk muna kasuwannin dabbobi muna neman raguna. Na dawo na tarar wa'adi ya cika, an kafa turakun siminti.

Na biyu. An ce za a rage wa kowa don a fitar da hanya da makaranta, na ce madalla. Amma nawa ba rage shi aka yi ba, ɗauke shi aka yi gaba ɗaya aka kai gangare, inda ruwa ke kwanciya har bayan damina. Na Mudi kuwa ya matso gabas ya hau kan nawa, ya faɗo daidai kusurwar sabuwar hanya. Na tambayi ma'aikatanka da wace ƙa'ida aka yi haka. Ɗaya ya ce ƙuri'a ce, ɗaya ya ce lambar rajista aka bi, na ukun ya ce rabo ne daga Allah. Duk su ukun a ɗaki ɗaya suke zaune.

Na uku. Na roƙi a nuna mini taswirar, ta kafin yanka da ta bayan yanka. Aka ce tana cikin durowa, makulli yana hannunka. Daga baya na ji cewa Mudi yana cikin wakilan masu filaye a kwamitinku. Wa ya zaɓe shi, kuma yaushe?

Ban ce Mudi ya cuce ni ba, domin zato zunubi ne. Mai yiwuwa rabonsa ne tsakani da Allah. To amma tunda kun kulle takarda, me kuka bar mini in ba zato ba? Ya gina gida, mangwarona a tsakar gidan, da shaguna uku suna kallon titi, ya shafa musu shuɗin fenti. In zan wuce sai in kau da kai. Sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a, kafaɗa da kafaɗa, amma zuciyata ba ta tare da liman. Mutumin da muka ci tuwo a kwano ɗaya, yau in aka yabe shi sai in ji kamar an watsa mini barkono.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A fito da taswirorin biyu a manna a waje, inda mai tafiya a ƙasa zai gani. A sa wani ya yi bayaninsu da Hausa da Dendi da Baatonum. A faɗi ƙa'idar da aka bi, da sunayen waɗanda suka zauna aka yanke. In ta nuna Mudi da gaskiyarsa, wallahi da ƙafata zan je in yi masa barka, in nemi gafararsa. In kuwa an yi kuskure, a mayar mini da filina.

Ka hanzarta, ranka ya daɗe. Shekaranjiya Mudi ya aiko mini da mangwaro kwando guda, wai na gidansa ne ya yi 'ya'ya sosai bana. Na karɓa, na ce an gode. Iyalina sun sha, ni na kasa kai ko ɗaya bakina.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya raba ka da haƙƙin mutane.

Wassalam.

Idi mai kilishi, Zongo, Parakou.