Turmin da Babu Hatsi

Litinin, 4 ga Satumba, 2023

"Malama, ajiye allon nan," in ji Inna 'Yar'azumi, shugabar matan ƙauyen, ina tsaka da bayani kan cin zarafin mata. "Mu nan turmi gare mu." Ƙungiyarmu ta turo ni wayar da kai, daga Haɗejiya har bayan Guri a kwale-kwale, ga shi an sallame ni da kayan daka.

Laraba, 6 ga Satumba

Na ji shi bayan azahar. Turmi ɗaya, sai na maƙota, sai gari duka. Babu hatsi a ciki. Sautin kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga ƙarƙashin ruwa. Ma'anarsa: wani yana dukan matarsa, kuma mun ji. Ba a kama suna, ba a dainawa sai ya fito ƙofar gida ya zauna. Wani masunci ne ya fito. Maza suka wuce shi, babu mai sallama.



Alhamis, 7 ga Satumba

Na tambayi Inna, wa ke farawa? "Wadda ta ji." In matar ba ta yi kuka ba fa? Inna ta dubi hannun rigata da nake ja har yatsu cikin wannan zafi. "Wani dukan ba shi da ƙara, 'yar nan."

Na ce mata sauro ne.

Asabar, 9 ga Satumba

Mijina Abdulfattah ya kira. Gobe zai zo ya ɗauke ni. Muryarsa a sanyaye, irin wadda na sani.

Lahadi, 10 ga Satumba

Ya raba wa dattawa goro, kowa ya yaba mijina. Dama ana yabawa. A ɗaki ya tura ƙofa, ya cire agogo ya ajiye a hankali, kamar kullum.

Sai turmi, daf da bango. Sai wani. Wallahi ban yi ko tari ba.

"Mene ne wannan?"

"Daka suke yi."

Ya tsaya, hannu a sama, yana sauraro. Na ɗauki jakata. A tsakar gida Mairam mai masaukina, taɓarya a hannu, ta ce kwale-kwalen yayanta yana bakin ruwa.

Rahoto zan je in rubuta, shi ke nan. A gidan yayata, can ma akwai tebur.

Na ja masa ƙofar, na bi ta tsakanin turamen. Ba su tsaya ba.