Sunan da Ya Raba Ni da Babur Ɗina

Daren Asabar, Highbridge

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau na gama gyaran tsohon babur ɗina, mai kuloci a ƙafa da giya a hannu, na fito da shi. Sai ga maƙwabcina Garba, a gaban matata Hajiya, wai, "Alhaji, ai suicide clutch Turawa ke kiran wannan." Har da fassara mata: kulocin kashe kai!

Na ce wancan daban ne, nawa kulocin ko ka ɗage ƙafa yana tsayawa inda ka bar shi. Wa ya saurare ni? Hajiya ta zare makullin ta ce, "Abban Zainab, ba dai ina raye ba."

Garba kuwa ya zauna ya ci tuwona, har da ƙari.